Tulun da ke Cikin Yashi

Da tsakar rana Barira ta gan su, lokacin da ba mai hankalin da ke zuwa bakin kogin Haɗeja. Ita ma ƙishirwa ce ta koro ta, don a gida an hana ta ruwa. Ta kifa kai tana sha kamar saniya, sai ta ji an ce, "Sha a hankali, ba ya guduwa."

Ta ɗago a firgice. Samari biyu ne da wata yarinya a gindin tsamiya, dukansu ramammu, sun kewaye wata 'yar tukunya da ke tafasa. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin.

"Ku mutane ne?" ta tambaya.

Dogon cikinsu ya yi dariya. "Ni ne Umara, wannan Huseina, wancan Mala. Tururuwa na taruwa inda kika yi fitsari, ko?"

"Wa ya gaya maka?!"

"Ba kowa. Mu ma haka muka fara."

Wata biyu ke nan Barira na ramewa, tana sha ba ta ƙoshi. Mahaifinta Bunu masunci ne, ya kuma gama yanke hukunci cewa mutanen ruwa ne ke son 'yarsa, duk kurɓin da ta yi suna ƙara jan ta. Sai ya sa aka rufe randa, aka koma ba ta zuma safe da yamma don ta yi ƙarfi. Bawan Allah, da so yake kashe ta bai sani ba.

Umara ya tone yashi mai laima ya zaro wani tulu. A ciki akwai ƙananan kwalabe. Ya ce abin da ke damunsu ciwon suga ake kiransa, maganin kuma daga Kano jirgin ƙasa ke kawo shi, zafi na lalata shi, shi ya sa suke binne shi a nan. Allura ce ke cikin tukunyar suna dafawa. Kullum a nan suke haɗuwa, wanda hannunsa ya yi rawa 'yan'uwa su yi masa allurar.

Tun daga ranar take satar jiki ta zo. Suka koya mata abin da za ta ci da wanda za ta bari. Ita kuwa, gaskiya, ba don darasi kaɗai take zuwa ba.

"Ya Umara, idan na mutu fa?"

"Ba ki isa ba, Barirata... ban gama kallonki ba."

Da Bunu ya ji labari sai ya yi tsalle. "Waɗannan da kogi ya riga ya yi wa shaida? Kika ƙara zuwa ban yafe ba!"

Ta bi maganar uba, ta zauna, ta sha zumarsa tana kuka. A makon ne ruwa ya cika ya shafe fadama, ya yanke hanyar jirgi. Gari ya yi tsit, sai kainuwa da ke shawagi a ƙofar gidaje kamar tana neman wani.

Ranar da Barira ta daina gane mutane, numfashinta na fita da wani ƙamshi kamar na nunannen mangwaro, mata suka fara salati suna cewa masu ita sun iso. Sai ga sallama a zaure. Umara ne, ruwa har ƙugu, da malamin asibiti Malam Haladu a bayansa.

"Baba, ka yi mini duk abin da kake so, amma ka bari ya duba ta."

Bunu ya dubi ɗakin da 'yarsa ke kwance, ya dubi yaron. Sai ya matsa gefe.

Aka yi mata allura, aka buɗe randa. Kwana ya bi kwana, Huseina na zuwa da kwalba a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, har Barira ta tashi zaune ta nemi tuwo. Umara ne dai shiru.

"Ina Ya Umara?"

Huseina ta sunkuyar da kai. "Tun da hanya ta yanke magani bai zo ba, Barira... da nasa kason ake yi miki allura. Ya rantsar da mu kada mu faɗa."

Bunu yana bakin ƙofa, ya ji komai. Da kansa ya ɗauke ta ya sa a kwale-kwale, ya tuƙa ta tsakanin gidajen da ruwa ya ci har ƙofar su Umara.

Sun same shi a tabarma, leɓensa a bushe, ɗakin cike da wannan ƙamshin da ta sani.

"Don me, Ya Umara? Don me?!"

Da ƙyar ya buɗe ido. "Kin yi ƙiba..." ya ce, yana murmushi.

Bunu ya durƙusa ya kama hannunsa, hawaye na bin gemunsa. "Ɗana, ka tashi. Na ba ka ita, wallahi na ba ka!"

"Na karɓa, Baba."

Jirgin Kano ya iso da magani washegari, mutane na dawowa daga maƙabarta, inda aka kai Umara.