Abin da Aka Ciro Daga Bayanta

Tun rasuwar matarsa, Qiao Dehou a shagonsa na garin Pingyao a ƙasar Sin yake kwana, cikin tsofaffin gumakan katako da yake gyara wa dillalan kayan tarihi. Ran nan da yamma ya ɓalle murfin da ke bayan wani gunkin mace mai shekara ɗari takwas, ya kwashe abin da masassaƙa suka rufe a ciki tun ranar da aka kai shi ɗakin bauta: ƙullin gero da 'yar takardar addu'a. Dillalin da ya kawo gunkin ya ce daban zai sayar da su.

Dare ya raba, yana cin taliya shi kaɗai, sai ga wata tsohuwa ta shigo. Ta zauna kan benci, ta tada gwiwa ɗaya ta ɗora hannu a kai. Ƙamshin tsohon turare ya cika shagon.

"Iya, cikin wannan sanyin? Ga shayi."

"Ba na sha, yaro. Cikina ne fayau, iska sai ratsa ni take."

Yaro! Shi da ya haura saba'in. Amma rabonsa da abokin hira har ya manta, sai ya gyara zama.

"Ina mutanen gidanki?"

"Sun watse. Da, kullum da mai kunna mini turare. Gerona kaɗai ya rage, shi ma ka ɗauke."

Ya ajiye kwanon, ya dube ta da kyau. Jan fentin kumatunta duk ya tsattsage, har ɓarɓashi na zuba kan tebur.

Ta miƙe, gaɓoɓinta na kuka kamar tsohon ƙyaure, ta juya masa baya.

"Mayar mini."

Ga ramin nan a buɗe, da sabon sawun wuƙarsa a gefe.