Gargaɗin da Garzali Ya Riƙe

Ku matso. Kai, kashe wayar nan. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadin wata masana'anta a bayan gari, inda ake haɗa sinadarin tsabtace ruwa. Iska ce mai guba a cikin manyan tankuna. In ta tsere, ba ta tambayar sunan kowa. Kwamfuta ke buɗe bututun, ita ke rufewa. Mai tsaron kwamfutocin kuwa wani ne Garzali.

Masana'antu bakwai ne a layin. Masu tsaron kwamfutocinsu suna da zaure guda a waya, da alkawari ɗaya: duk wanda ɓarayin intanet suka taɓa, ya sanar da saura kafin awa ta cika. Garzali ne ya kawo shawarar. Da aka zo naɗa shugaba, sai aka ba Nafi'u na masana'antar da ke jikin tamu. Garzali ne ya koya masa aikin. Tun ranar, ko sunan Nafi'u aka ambata sai ya tsuke baki.

Wata Laraba da hantsi, wasiƙa ta shigo kwamfutarmu da sunan masu gyara mana bututu. Ta bogi ce. Duk wanda ya buɗe ta, ya miƙa wa ɓarayi makullin tankuna ke nan. Garzali ya gane, ya toshe. Ya san masu gyaran nan su ke yi wa su Nafi'u aiki, irin wasiƙar za ta je can. Ya rubuta gargaɗin. Bai tura ba. Shi ya gaya mini daga baya, wai cewa ya yi a ransa bari shugaba ya gano da kansa.

Rana tsaka ya fito zai je cin abinci. Na ce, "Injiniya, kar ka bi ta lambatu. Rana ta take."

Ya ce, "Baba Ilu, yunwa ba ta san wannan ba."

Hanyar siririya ce, tsakanin katanga biyu. Ya yi nisa kaɗan, sai ya daina jin ƙarar injina. Ko ƙuda babu. A bakin lambatun ya tarar da wata tsohuwa tsaye cikin ruwa, tana wanke ƙwarya. Ruwan da ko akuya ba ta sha.

"Sannu, Iya."

"Sannu, mai ajiya."

Bakinta bai motsa ba. Muryar ta bayan kunnensa ta fito.

"Me ke aljihunka?"

"Waya ce."

"Ba ita ba. Abin da ke cikinta."

Ya dubi ƙasa. Ruwan ya rabu biyu, yana kewaye ƙafafunta. Dugaduganta ne a gaba.

"Jikokina suna kwance ƙarƙashin katangar Nafi'u," in ji ta. "Mu in iskar ta fito, ƙaura za mu yi. Mun saba. Kai fa? Ina 'yarka take karatu?"

Makarantar 'yarsa Siyama tana bayan tankin Nafi'u. Katanga ɗaya ce tsakani. Kullum shi ke kai ta, amma tun safe abin bai faɗo masa ba.

"Ni na koya masa komai," ya ce. "Ni!"

"To, koya masa wannan ma."

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi har ƙashi. Da ɗaya hannun ya ciro wayar, ya tura. Da ya ɗaga kai, ƙwarya ce kawai ke juyawa a kan ruwa.

Da takalmi ɗaya ya dawo ƙofata. Ban tambaye shi ba. Na ba shi ruwa.

Ashe wasiƙar ta riga ta isa can, wani akawu har ya ɗora hannu zai buɗe. Nafi'u ya ga gargaɗin, ya hana. Ƙarshen wata manya suka taru, suka ba Nafi'u lambar yabo saboda saurin ɗaukar mataki. Garzali na kujerar baya. Sau biyu ya tafa.

Har na bar aikin, gaisuwarsa da Nafi'u ba ta wuce "ina kwana". Amma a wuyan hannun Garzali akwai shatin yatsu biyar, fari tas. In ya ga abu ya yi jinkirin faɗa, sai wurin ya ɗauki zafi. Duk zauren nan babu mai riga shi tura gargaɗi. Yana tsaki, yana turawa.

Kada in ji wani ya bi ta lambatun nan shi kaɗai da rana tsaka, balle yana riƙe da maganar da ta kamata ya faɗa. Ku tashi haka nan.