Ba Boka Ba Ne, Baba

Zaitun na tsince shinkafa a tsakar gida sai ga Goggo Ma'u, ƙanwar mahaifinta, ta faɗo ko sallama babu.

"Yaya, ka san wa za ka ba 'yarka kuwa? Duba yake yi! Duk unguwar Briqueterie an sani, taurari yake karantawa!"

Alhaji Na'Allah tela ya ajiye almakashinsa, ya dubi 'yarsa.

"Baba, wallahi kimiyya ce," in ji Zaitun. "A université, wato jami'a, Mika'ilu ya karanta. Makarantu yake bi yana nuna wa yara wata da teleskop, na'urar hangen nesa..."

"Ba zan haɗa zuri'a da boka ba. An dakatar da maganar!"

Zaitun ta sha kuka, amma ba ta yi musu ba. Ta roƙi Mika'ilu ya daina kiranta har Baba ya huce. Makonni suka shuɗe, ta rame, aikin gida kuwa ko ɗaya ba ta fasa ba. Shirun nan nata shi ya dami Alhaji.

Bai taɓa ganin yaron ba, manyansa kaɗai suka zo gaisuwa. Ran nan bayan Magariba ya hau taksi zuwa filin wata makaranta a unguwar Messa, inda ya ji Mika'ilu zai je. Ya tarar da saurayi tsaye gaban na'ura, ɗalibai sun yi layi. Shi ma ya bi layin.

"Ɗana, duba mini. 'Yata za ta dace da miji?"

"Baba, wannan Allah kaɗai ya sani," in ji Mika'ilu cikin ladabi. "Ni nisan wata na sani, da yadda yake zagaya duniya. Duk wanda ya ce taurari sun faɗa masa ƙaddararka, yaudararka yake. Bismillah, sa idonka nan."

Alhaji ya sunkuya. Sai ga wata dab da shi, da ramuka da duwatsu. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Subhanallah!"

Da safe ya aika aka kira Goggo Ma'u.

"Kin taɓa zuwa kin gani da idonki?"

"A'a, Yaya... a gidan suna na ji."

"To, ni na je. Zaitun, ki ce manyansa su dawo."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Haƙurin Zaitun bai faɗi ƙasa ba, Alhaji kuma ya koyi cewa ba a yanke wa mutum hukunci da jita-jita, sai an je an gani.