Hular Tanimu a Cikin Sifika

Don Allah duk wanda ya ci karo da rubutun nan ya yi haƙuri, ni ban iya tsara magana ba, kuma a ɓoye nake yi. Yaya Saddiƙa ce, 'yar wan babanmu, ta ba mu labarin jiya da aka ɗauke wuta. Tun da na ji na kasa sukuni, shi ne na ce bari in sauke shi a takarda ko zai sake ni.

Ta ce a Malumfashi an yi wani mai gyaran rediyo, Tanimu. Shi ba ya bin mutum gida, sai dai a kawo masa shago. Ran nan ana shirin magariba, yana jan ƙofa, sai ga wata mata doguwa, mayafi har ƙasa.

"Kai ne mai gyara?"

Muryar ba ta kunne ta shige shi ba. A ƙirji ya ji ta, kamar an buga ganga a ɗakin maƙwabta.

"Ni ne, Hajiya. Amma na tashi."

"Sifikarmu ce. Ƙararta ta yi tsini, tana soka mana kunne. Yara sun kasa barci."

"A kawo gobe."

"Ba ta ɗaukuwa."

Da ya ji an ce yara, sai ya tuna jaririyarsa Jummala. Ya ɗauki jakar kayan aiki ya bi ta.

Lungu, lungu, har bayan tsohuwar marina. Kan rairayi suke tafiya, amma takunta ƙwas, ƙwas. Ya ƙi kallon ƙasa.

Suka shiga wani falo, babu taga. Sifiku biyu a tsaye, kowace ta kai tsayin mutum, ɗayarsu na wani tsiiii mai sa haƙora tsami. Can lungu ga wasu a dunƙule cikin bargo, sun toshe kunnuwa. Ya waiga don ya ajiye takalmi. Babu ƙofa. Bango ne sumul.

"Hajiya, ƙofar fa?"

"In ƙarar ta lafa, ƙofa za ta samu."

Ya fara aiki. Ya murɗa tirebul, maɓallin rage tsinin ƙara, har ƙarshe. Tana nan. Ya ce ko amon ne ke dukan bango yana dawowa, ya juya fuskar sifikun, ya jawo labule ya rataya. Tana nan. Ya ce to waya ce ta ci, ya bi ta da yatsa, ya bi ta, ya bi ta, sai ga kan wayar a yashe a ƙasa. Ba a jona ba. Ɗakin ma gaba ɗaya babu soket.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya ƙi.

"Yi aikinka," in ji matar.

Ya kwance bayan akwatin sifikar da sukundireba. Ta dama ce mai ƙarar. A ciki akwai babbar sifika a ƙasa, mai fidda murya mai kauri, da 'yar ƙarama a sama, mai fidda siririya. Ya kara kunne a jikin ƙaramar.

Ashe ba tsiii ba ne. Kukan 'yan tsaki ne. Guɗar biki ce can nesa. Yara ne ke karatu a makarantar dare. Sai kuma, siririya kamar zare, muryar matarsa Kulu a ƙofar gida: "Wa ya ga Baban Jummala? Don Allah wa ya gan shi?"

Nan ya gane. Ta wannan 'yar kafar ce kaɗai duniyar mutane ke shigowa ɗakin.

"Yanke wayarta," in ji matar. "Wanda ya gyara mana ta hagu bai tsaya jan rai ba."

"Yana ina yanzu?"

Cikin bargon nan na lungu, wani ya ɗago hannu a hankali. Riƙe yake da sukundireba, duk ta yi tsatsa.

Tanimu ya durƙushe. In ya yanke, ya yanke hanyar gida da hannunsa. In bai yanke ba, ƙofa ba za ta fito ba. Ga matar a kansa, numfashinta sanyi ƙalau a ƙeyarsa. Kulu na ta kira.

Sai ya tuna dabarar da suke yi a shago in babu kayan canji, a cusa tsumma a bakin ƙaramar don ƙarar ta yi taushi. Ya duba jaka, babu tsumma. Ya cire hular kansa, wadda Kulu ta ɗinka masa da hannunta. Ya ninke ta, ya danna a kai, ya ɗaure akwatin.

Ɗif. Na cikin bargo suka sauke hannuwa.

Ƙofa ta fito, 'yar siririya. Ya kutsa ko jaka bai ɗauka ba. Yana fita ya ji a ƙirjinsa: "Ka rage mana. Mu ma mun rage maka."

Sai ga shi a gindin wani suri, gari ya waye. Ya ruga gida ba takalmi, ba hula. Kulu ta taho da gudu da Jummala a hannu. Yarinyar ta wage baki, fuska jawur, hawaye shaɓe-shaɓe. Bai ji komai ba.

Yaya Saddiƙa ta ce har yau yana jin tsawa, yana jin babbar mota, yana jin muryar maza. Amma tsuntsu, da guɗa, da muryar 'yarsa, shiru. Yarinyar ta girma, ta yi aure, bai san kalar muryarta ba. Kuma ba ya fatan kunnen ya buɗe, don ranar da ya ji siririyar ƙara, to hular ce ta zame, za a dawo nemansa.

Ta ce kada wanda ya kuskura ya bi baƙo bayan marina shi kaɗai, ko da ya ce yara ne ba lafiya. Yanzu an kawo wuta, kuma sifikar Baba ta falo tun ɗazu take wani tsiii, ga Umma tana ƙwala min kira wai in je in kashe, ni kuwa wallahi ba zan iya shiga ni ka