Sunaye Uku a Kan Madubi

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, ana yayyafi, ranar da na ɗauki Na-Kwali a babur na kai shi inda har yau nake nadamar kai shi.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Aikina kai wa mutane kayan da suka saya ta waya. Na-Kwali abokina ne tun muna yara, gyaran waya yake yi. Mu muka sa masa sunan, don ba a kwana biyu ban sauke kwali a ƙofarsu ba. Akwai tsarin nan na karɓi kaya yanzu, biya daga baya. Ya ga agogo ya danna, ya ga takalmi ya danna. Har tukunyar lantarki biyu iri ɗaya ya saya, ya manta da ta farko. Innarsa takan ce, "Ɗan nan, mu koma waje mu bar wa kwalaye gidan?"

Da bashi ya kai masa wuya, wani ya yi masa kwatancen boka.

Ɗakin bokan yana bayan wani tsohon sito. Ba taga. Jan ƙyalle a bango, ƙahoni a jere, wata baƙar tukunya tana hayaƙi ba wuta a ƙarƙashinta. Wari kamar ana babbaka gashi. A ƙasa akwai fasasshen madubi. Ni a bakin ƙofa na tsaya.

Bokan ya ce, "Kuɗi za su zo yau. Biya sau uku ne, duk bayan kwana arba'in. Bari in faɗa maka sharaɗin."

Na-Kwali ya yi dariya. "Baba, ni ko a waya ba na karanta sharaɗi. Nuna mini inda zan dangwala."

"Yaro, ka saurara."

"Ana jira na a shago."

Tsohon ya ce, "To, wa zai tsaya maka? Mutum uku."

Masu ba da kaya bashi ma sukan nemi sunayen mutum uku, waɗanda za su kira idan ka yi jinkiri. Waɗanda ya saba bayarwa, su ya ba boka: ƙanwarsa, Inna, da matarsa. Ya waiwayo ya ce mini, "Iyakaci a dame su da kira. Sun saba."

Bokan ya rubuta sunayen da gawayi a kan madubin, ya soki babban yatsan Na-Kwali, ya dangwala masa a ƙasa.

Kafin mu isa gida wayarsa ta fara ƙara. Kuɗi ne. Ya biya kowa, ya buɗe shago babba, ya saya wa ƙanwarsa keken ɗinki. Kwalaye suka ƙaru.

Ranar cikon arba'in, ƙanwar tana ɗinki ta kifa kai a kan keken. Ba ta ɗago ba. Muka ce kwana ne ya ƙare. Arba'in ta biyu, aka tarar da Inna a kan dardumarta, jiki ya yi sanyi. Nan ya ƙirga kwanakin.

Na sake kai shi wurin bokan. Ya durƙusa yana kuka. "Baba, karɓi kuɗinka. Ko ka ɗaga mini lokaci."

"In ɗaga me? Ai ba ka taɓa makara ba. Kana biya daidai."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ka ce ana jiranka a shago."

A arba'in ta uku, matarsa ba ta mutu ba. Tana zaune a tsakar ɗaki tana magana da bango, ba ta gane kowa. Iyayenta suka zo suka tafi da ita. Kuɗin suka ɗauke kamar an rufe famfo, shago ya tafi. Shi kuma yanzu yini yake a ƙofar gida yana danna wayar da ta daɗe da mutuwa.

'Yan uwana samari, ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron duk abin da aka ce ɗauki yanzu. Wanda bai tsaya ya ji farashi ba, ba da aljihunsa kaɗai zai biya ba.

Makon jiya aka ba ni wani ƙaramin kwali a ofis, ya makale a hanya wata da watanni. Takalmi ne mai laushi, na masu ciwon ƙafa, da sunan Inna a jiki. Na zo har bakin layinsu, na hango Na-Kwali zaune. Sai na juya, na mayar, na biya kuɗin mayarwa daga aljihuna. Bai sani ba.