Ranar da Kafinta Ya Daina Cewa Na Gode

Kafinta na zaune a falo da kofin shayi a hannu, yana kurɓa yana santi kamar yau ya fara shan shayi. Bai daɗe da auren Malama ba, mai koyar da yara a firamare, kuma ko ruwa ta miƙa masa sai ya yi godiya har da sa albarka.

"Allah ya yi miki albarka, Malamata. Wannan shayin ko a otel sai haka."

"Kai dai ka cika zuzuta abu," ta ce tana dariya, ta koma kicin.

Wansa, wanda suke kira Yaya Babba, ya biyo gaishe su da safen nan. Ya ajiye nasa kofin yana kallon ƙanin sheƙeƙe. Sai da ya ji ƙarar kwanuka daga kicin, sannan ya matso da kujera.

"Kai, wai lafiyarka ƙalau? Ruwan zafi ne fa da madara. In ka saba wa mace da godiya, ka saya wa kanka raini. Namiji da kwarjini aka san shi. In ta yi abu, ka ce 'uhm', ka wuce."

Kafinta ya sosa ƙeya. Yaya Babba ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, bai taɓa tsallake maganarsa ba. Ya ce, "To, Yaya."

Daga ranar bakinsa ya kulle. Ta goge masa kaya, uhm. Ta taso daga makaranta a gajiye ta ɗora girki, uhm. Godiyar takan taho masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta kamar ƙwayar magani. Malama ba ta fasa komai ba, sai dai 'yar waƙar da take yi in tana wanke-wanke ta ɗauke. A shago kuwa hankalinsa ya rabu biyu, har ya sauke wa babban yatsansa guduma.

Wata safiya ta fito daga ɗaki da hannu a baya, tana murmushi. Rigar aiki ce ta ɗinka masa da kanta, da ɗan siririn aljihu a ƙirji daidai fensir, saboda kullum yana kukan fensirinsa ya ɓace a garin katako. Ya sa ta, ta zauna masa cif.

"Ta yi maka?"

Ya buɗe baki, sai ya ji muryar Yaya Babba a kunnensa.

"Uhm."

Malama ta daɗe tana kallonsa. Hawaye suka gangaro mata, ba ta ko share ba.

"Ni ba don a biya ni nake yi ba, Allah ya sani. Amma in ka gaji da ni ne, ka faɗa mini. Zan je wurin Mama in yi kwana biyu, ko za ka samu sarari."

Kafinta ya zura takalmi ya nufi gidan Yaya Babba, don wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ya yi sallama ba a amsa ba, ƙofa kuma a buɗe. Daga kicin ya jiyo wata murya mai taushi, wadda sai da ya kasa kunne kafin ya gane mai ita.

"Na gode, ranki ya daɗe, na gode ƙwarai. Ni in ba ke ba, ina zan sa kaina?"

Ya leƙa. Ga Yaya Babba ya naɗe hannun riga yana goge faranti, matarsa Anti na miƙo masa wani.

"Yaya?"

Saura kaɗan farantin ya sha ƙasa.

"A'a... kai ne? Ba ka iya sallama ba?"

"Yaya, ina kwarjinin? Gidana na can zai watse, kai kana nan kana ranki ya daɗe?"

Da Anti ta ji labarin, ta yi dariya har ta dafa bango.

"Au, abin da ya je ya yi ke nan? Ƙanena, ai tun da ka yi aure nake ce masa, dubi yadda ƙaninka ke yaba matarsa. Gorin ne ya ishe shi, ya je ya toshe maka baki don ya huta. Ni kuwa na ce tunda ba a ganin hidimar da nake masa, na daina yi. Da ya sha shayin hannunsa na kwana biyu, shi da kansa ya koyi karatun."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai yana murza tsumman goge faranti.

"Na so in zo in warware maganar, kunya ta hana ni. Ka yafe mini. Yi maza ka tafi, kada ta fita."

Kafinta bai san da ƙafa ya zo gida ba ko tashi sama ya yi. Ya tarar da Malama a bakin gado, jaka a gabanta, ba ta ja zif ba tukuna. Ya durƙusa yana haki.

"Na gode da rigar. Na gode da guga, da girki, da haƙurin da kika yi da ni. Duk suna nan a cikina, har sun fara sa mini ciwon ciki. Sori, Malamata."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Yaya Babba ne, ko?"

"Ya aka yi kika sani?"

"Na yi zargi, don tun ranar da ya zo ka zama bebe. Ban so in shiga tsakanin wa da ƙani ba ne." Ta ture jakar gefe. "Tashi ka mayar mini da kayan nan durowa, tunda kai ka sa na kwaso su."

Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana zaune tana ba da umarni. Da ya gama ta ce, "Na gode, maigida," sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Da yamma Yaya Babba ya zo da kansa, Anti na biye da shi, ya ba Malama haƙuri a gaban ƙaninsa.

Godiya ba ta rage wa namiji girma, ba ta kuma sa mace raini. Zuciyar da aka yaba ƙara ƙwazo take yi, wadda aka yi wa shiru kuwa a hankali take dusashewa. Kuma duk wanda ya ba ka shawara a kan gidanka, ko ɗan'uwanka ne, leƙa nasa gidan kafin ka ɗauka.