Kishin Aro

Ghali ya fara ganin Nuriyya ne a rumfarsa ta nama a unguwar Chagoua. Ta zo sayen haƙarƙari, idonta na kan waya, tana ta tsaki.

"Da wa ake faɗa?" ya tambaya.

"Da wata sakarya a fim! Saurayi ya fasa mata waya don so, ita kuma wai kuka."

Ya yi dariya, ya ƙara mata tsoka. Bawan Allah bai san abin da ya jawo wa kansa ba.

Soyayya ta kankama. Sai dai Ghali mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, kuma a wurin Nuriyya babu laifin da ya kai wannan.

"Habibi, yau mai babur ya ce ina da kyau," ta rubuto masa.

"Ai bai yi ƙarya ba, Nurina."

"Shi ke nan? Ko ka tambayi wane ne! Kai ba ka sona."

Takaici ya ishe shi. Ya yi rarrashi, ya yi rantsuwa, duk a banza. Ita sai wanda zai haukace a kanta, irin samarin finafinan da take kallo a tele. Da ya ga za ta suɓuce masa, sai ya zauna shi ma ya kalla, yana haddacewa ransa na ƙuna.

Ran Juma'a suna zance a ƙofar gidansu a Moursal, wayarta ta yi ƙara. Ya cafki hannunta ya murɗe, ya fizge wayar ya amsa.

"Wane ɗan iska ne ke kiran matata?"

"Ubanta ne," in ji muryar Malam Modibbo.

Tsohon ya fito, ya dubi hannun 'yarsa, ya dubi Ghali.

"Wanda ya murɗe hannu a ƙofar gida, me zai yi a cikin ɗaki? Kalas, magana ta ƙare, kada in sake ganinka."

Ghali ya rame. Ya tura manya ban haƙuri, aka dawo da su. Sai wata safiya saƙonta ya shigo:

"A fim in ya riƙe ta, kiɗa ake sawa. Ni ban ji kiɗa ba, Habibi, zafi na ji. Na ji tsoronka."

"Ni ma na ji tsoron kaina, Nurina. Ki yafe mini."

Ita ce ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka.

"Baba, ni na matsa masa. Ba halinsa ba ne."

Malam Modibbo bai sauko da wuri ba. Sai da ya bincika halin Ghali a wurin mahauta da maƙwabta, sannan ya sa rana.

Bayan an shafa fatiha, Ghali ya je gaisuwa kansa a ƙasa. Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Na ba ka ita da hannu biyu lafiyayyu, ɗana. Haka nake so in riƙa ganinsu. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba," in ji Ghali.